Gurbin Niƙan Kaka

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zaman Legas, yaya yara? Mu nan kalau, sai farin da ka ji labari.

Ranar Juma'a na hau tsohon garinmu na kan dutse neman tafasa. Ganuwar ta zube, amma kukar ƙofar gari tana nan. Daga sama na hango gonakinmu, gero ya yi ja tun bai fid da kai ba. Na nemo gurbin nan da Kaka ta ce ita da uwarta suke niƙa a ciki, inda muke niƙa ƙasa muna wasa. Na shafa shi, santsinsa kamar jiya.

Yaya, masu fasa dutse sun kusa kaiwa gare shi, har da ɗana Musa a cikinsu. Ya ce, "Inna, in kin ce in bari, zan bari." Ban ce ya bari ba, don da kuɗin tsakuwar da suke fasawa muke cin tuwo.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. In kana son ganin gurbin, kada ka jira sallah.

Ƙanwarka,
Hauwa