Gas Ɗin Argon a Tankin Ambursa

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Hajara da yara? Da fatan kuna lafiya.

Tun Talatar da aka ciro maigidana daga tankin ruwa a Ambursa ban sake buɗe littafi ba. Walda ya shiga yi. Iska na kore masa gas ɗin argon da yake waldar da shi, sai ya toshe bakin tankin da buhu. Gas ɗin ba ya wari, ya cika tankin har numfashinsa ya ɗauke.

Ka tuna ka taɓa gaya mini argon iri-iri ne, wasu na rushewa cikin sa'o'i, uku kuwa ba sa canzawa har abada? Ka ce na tukunyar gas ɗin maigidana cikin ukun yake, hankalina ya kwanta. Na ɗauka abin da ba ya canzawa ba ya cutarwa.

Ya farfaɗo, amma bai gane ni ba. Jiya "Sannu da zuwa, Hajiya" ya ce mini. A littattafan soyayyar da nake karantawa hawayen mace kan dawo da hankalin miji. Na yi kukan, Yaya.

Ka gaida Anti, ku sa mu a addu'a. Inna ta ce in komo gida Gulma. Ba zan koma ba, ina Argungu tare da shi.

Ƙanwarka,
Rabi