Lomar Tuwo Ta Wuce

Kakuri, daren Talata, 14 ga Yuni, 1988

Ina sanar da duniya da duk abin da ke cikinta cewa yau da la'asar lomar tuwon masara ta ratsa maƙogwaron nan nawa, ta sauka lafiya ba tare da rakiyar ruwa ba.

Wata biyar ke nan da aka yanke mini ciwon daji a hanyar abinci, kuma mako shida ke nan kunu kaɗai ke samun izinin wucewa. Ban faɗa wa kowa ba, amma na ɗauka ciwon ne ya dawo. Shekaranjiya likita ya zura mini bututu mai fitila ta baki, ya leƙa, ya ce tabon ɗinki ne kawai ya matse hanyar. Ya buɗa ta kaɗan-kaɗan da sandunan roba. Zan koma bayan mako biyu a ƙara. Sharaɗinsa ɗaya: in tauna komai.

Matata Saratu ta tsaya a kaina da ludayi a hannu. "Baban Ladi, tauna!"

"Tuwo kuma? A gidanmu haɗiyewa ake yi, tun kaka da kakanni."

"A gidanku wa ya taɓa haɗiye fitila in ba kai ba? Tauna."

Na tauna, na haɗiye, muka jira mu gani. Ta wuce. Saratu ta juya baya, wai hayaƙin murhu ne ya shiga idonta.

Saboda laifin tauna tuwo a gaban shaida, na ci kaina tarar wanke kwanuka na kwana uku. Ba zan ɗaukaka ƙara ba.