Bakan da Ban Rufe Ba

Malumfashi,
Oktoba, 1984.

Zuwa ga ƙanena Luke,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kuma sanyin ƙasar Turawa bai ƙarasa cinye ɗan naman da ka tafi da shi ba. Allah ya ƙara maka lafiya da basira. Mu nan sai godiya. Mama tana fama da ƙafarta kamar kullum, amma bakin nan nata lafiya lau. An fara karyar masara a gonarmu ta Ƙarfi, ba ta kai ta da ba don ruwa ya ɗauke da wuri, dawa kuwa sai abin da Allah ya yi. Maigida yana can wajen auduga, 'yarmu Dorkas kuma ta yi tsawon da ba za ka gane ta ba.

Takardar da kwamfutarku ta buga ta iso. Har yanzu abin dariya yake ba ni. Kai kana zaune gabanta, ka faɗa mata mataki ɗaya na hujjar lissafi, nan take ta gaya maka abin da ya rage ka tabbatar. Ni kuwa hirata da ita sai ta gidan waya: in rubuta da hannu bayan an tashi makaranta, in aika maka, ka shigar mata, amsa ta zo bayan wata ya mutu wani ya tsaya. Duk da haka darasin farko ya zauna mini. Da fari na yi ta faɗa da dokar nan da ta ce in an raɗa wa abu suna ya zauna ke nan, ba a sake masa ƙima, ni da na shekara goma ina rubuta harafi a allo ina gogewa. Daga baya na gane kowane aiki a wannan harshe na kwamfuta kamar injin niƙa yake, ka zuba hatsi ya ba ka gari, ba ruwansa da abin da ke gefe. Wanda ya fi burge ni shi ne aiki mai kiran kansa. In za a ƙirga buhuna a jeri, a ɗauke na farko, a ƙara ɗaya a kan ƙirgen sauran, har a kai inda babu komai. A kansa na gina hujjar cewa in an haɗa jeri biyu, yawansu shi ne jimlar biyun. Rabon da lissafi ya yi mini daɗi haka tun ina kwaleji.

To amma ka ga ta sake ƙin karɓa, kuma ƙorafin nata ɗaya ne karo na uku: na buɗe baka, wato lanƙwasasshiyar alamar nan da ake killace lissafi da ita, ban rufe ba. Raina ya ɓaci, har na ce wa maigida ko dai na'urar ta cika neman rigima, ko kai ne kake shigar mata da aikina kana gyangyaɗi. Sai na ɗauko takardar gwajin da nake kwafa daga cikinta, na bi ta da yatsa. Duk bakan suna nan. Wajen kwafewa ne suke zubewa, kuma kowanne a ƙarshen layi yake, ta hannun dama.

Daga nan wasu abubuwa suka fara dawo mini. Kafaɗata ta dama da ke yawan bugun ƙofar aji. 'Yan matan da ke zama ta wajen taga, da suka kai ƙara wai ko sun ɗaga hannu ba na kiransu. Mai babur a kasuwar Bakori, wanda iskarsa na ji kafin in gan shi. Na yi ta lallashin kaina da cewa misali ba hujja ba ne, ko dubu aka tara, kamar yadda kwamfutarku take nacewa. Ranar Lahadi bayan sujada na leƙa wajen Mama, ta dama kunu ta ajiye mini, muna ta hira, can na tambaye ta ina nawa. Yana nan dab da gwiwata ta dama. Ta dube ni ta ce, "Liatu, haka babanku ya fara. Kunyar da ke hannun damansa a gona yake bari bai nome ba."

Kai kana ƙarami, da sanda ka san shi. Ni na ga farkon abin a idonsa. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye, daga gefe yake ci a hankali har ya iso tsakiya. Ina jin tsoro, Luke, ba zan ɓoye maka ba. Alli shi ne fartanyata, kuma ban san malamar lissafin da ta ci gaba da aiki ba ta ganin allo ba. Shugabar makaranta ba ta sani ba tukuna. Da an gama jarrabawa maigida zai kai ni asibitin ido a Kano. Kai ma ka je a duba naka tun da kana inda likitoci suke, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kada ka daina aiko da darasi. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, layukan gajeru. Kuma na san halinka, kada tausayi ya sa ka riƙa rufe mini baka a ɓoye kafin ka shigar. Ka bar ta ta ƙi, ka gaya mini nawa suka zube da inda suka zube, ta haka zan san yadda abin yake matsowa.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Maigida da Dorkas suna gaisuwa, haka Gwaggo Hansai ta Maska. Ka gaishe mini da Atu abokin zamanka. A wasiƙarka ka rubuta cewa ba za ka leƙo gida ba sai ka gama karatu. Ina roƙonka ka sake shawara, ka zo Kirsimetin nan ko na mako ɗaya ne. Ba na so ranar da za ka yi sallama a ƙofar gida in gane ka da murya kawai.

Allah ya tsare mana kai.

Yayarka,
Liatu