Kafaɗata Tana Gogar ta Ɗan Farina

Malam mai shawara, ka taimake ni don girman Allah. Ni ban iya rubutu ba. Malam Almu ne ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗi.

Makaɗin molo ne ni a Tamaske. Taken manoma, na maharba, na maƙera, duk suna kaina, yadda ubana ya zuba mini su ta kunne. Magajina guda ne, ɗan farina, wanda ka san bakina ba ya kama sunansa. Bara ya dawo daga yaƙin Nasara, igwa ta cinye masa kunnuwa. Ina za ka zuba take a kunnen da ba ya ji? Na ce shi ke nan, da ni za a rufe su.

Sai ga shi da molon Nasara mai tsirkiya shida, wai jita. Wani soja ya koya masa kiɗi da ido: a ja zane shida, kowanne tsirkiya guda, a sa alamar inda yatsa zai danne. Na ce wannan bugun ƙasa ne, ba kiɗi ba. Yaron bai kula ba. In ina kiɗi sai ya kafa wa yatsuna ido, ya ja zanensa a rairayi, ya jera tsakuwa. Ni ke da kunne, dole ni zan bi zanen in ji ko ya kama daidai.

Na zauna gabansa, da tazara, yadda uba ke zama da ɗan fari. Na ɗauki jitar na bi tsakuwar. Abin da ya fito, jaki ya fi shi daɗin murya. Haka damina ta wuce, ina cewa shi ya ɓata, shi kuwa ba ya ji balle ya musa. Rannan maƙwabcina Gajere, sarkin shisshigi, ya tsuguna bayan yaron, ya yafuto ni. Ashe daga inda nake zama zanen a kife yake, siririyar tsirkiya nake ɗauka mai kauri! Na zauna gefen yaron na bi. Malam, taken maharba ya fito cif, kamar ubana ne ke kaɗawa. Sai da na kau da kai kada a ga idona.

Tun ranar nake barci. Amma tsofaffi na cewa na zubar da kunya, kafaɗata na gogar ta ɗan fari, kuma ba a kwantar da taken kakanni a ƙasa. In koma gabansa ne?

Tsohon Makaɗi, Tamaske

Amsa:

Baba, barka da arziki. Tsofaffin ba su yi ƙarya ba, kunyar ɗan fari ado ce, kada ka yar da ita. Ci gaba da ɓoye sunansa, kada ku haɗa akushi. Amma zaman koyo daban ne, kuma kakannin da suka bar maka kunya su suka bar maka take. In ka koma gabansa, zanen zai sake kifewa.

Iska na share rairayi, sai Malam Almu ya kwafe zanen a takarda, kada ya taɓa ƙasa. Sannan ka sani, zane na nuna inda yatsa zai sauka, ba ya nuna sauri ko jinkiri. Wannan sai ka riƙa buga masa da tafin hannu a kafaɗa. Kafaɗar da ake maka gori a kanta, ita ce kunnensa yanzu.

Allah ya ja kwana, Baba, ka ji taken maharba daga hannunsa.