Kan Burodin Auta

Steinbach, Manitoba
Watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Elfrieda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau.

Yaya, zauna kafin ki karanta: ƙanwarki ta koma makaranta da furfurarta! Kin san tun da mantuwa ta kama Baba, Ingilishi ya gudu daga bakinsa, sai yaren yarintarsa, wanda shi da Mama suka riƙa yi don kada mu ji sirrinsu. In na je gidan kula da tsofaffin, kallon ma'aikaciya yake yi mini. Abin yana ci mini rai. Ina so ya gane ni ko sau ɗaya ne kafin Allah ya ɗauke shi, shi ya sa na shiga ajin Jamusanci.

Malamarmu, Frau Giesbrecht, jimla ɗaya tak ta rubuta a allo, ta ce komai yana cikinta: *Die Tochter bringt dem Vater das Brot.* Wato, 'yar ta kawo wa uban burodi. Na kusa tashi in rungume ta! Kowane suna da babban baƙi yake farawa, aikatau kuma kullum shi ne na biyu a layi. *Die* na mace ne. Uba *der* ne, amma da yake shi ake kawo wa, sai ya koma *dem*. Burodi kuwa *das*, wai shi ba namiji ba ne ba mace ba. Na ce, "Malama, shi ya sa ba ya rigima da kowa." Ta ce in rufe baki in maimaita.

Ina maimaitawa har kyanwata ta gaji da ni. Asabar zan gwada.

Taki,
Helena

Watan Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ki ƙwarai. Yaya ruwan Vancouver?

Ki yi dariyarki, na ba ki izini. Na tsaya gaban Baba na zuba masa jimlata babu tuntuɓe ko ɗaya. Sai ya cire hula, ya gyara zama, ya haɗa hannu, ya rufe ido, ya ce "Amin."

Inna Neta, tsohuwar da ke ɗakin kusa da nasa, ta yi dariya har haƙoranta na roba suka motsa. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai Jamusancin coci ne! Da shi muke wa'azi da jana'iza. A gida namu na ƙauye muke yi. Babanki ya ɗauka ke fasto ce, fasto mai siket!"

Na yi kuka a mota, ba zan ɓoye miki ba. Amma kafin in bar gidan, Inna Neta ta riƙe mini hannu ta ce, "Wa ke ziyarar uba ran Asabar hannu na dukan cinya? Ki zo Lahadi da la'asar, lokacin faspa, ɗan abincinmu na yamma, da kofi da burodinmu mai hawa biyu. Na kanti kuma kar in gani."

Yaya, aiko mini da yadda Mama take kwaɓa shi, maza!

Helena

Watan Disamba

Yayata,

Gaisuwa, amma yau ba ni da haƙurin tambayar gwiwa!

Na gasa shi. Rabi sun karkace, kawunansu sun zame gefe, amma na kwashi masu kyaun. Na ajiye a gaban Baba, na sake faɗar jimlata, don ban sha wahalar banza ba. Ya sake cewa "Amin." Sai ƙamshin ya kai masa. Ya ɗauki ɗaya, ya murɗe ƙaramin na sama, ya tsoma na ƙasan a kofi. Kin tuna wa yake ba kan burodi a gidanmu? Kin tuna yadda kike kumbura baki, wai auta ta fi ki gata?

Ya miƙo mini, ya ce, "Leentje."

Tun ina 'yar firamare ba wanda ya kira ni haka. Na ci ina hawaye, Inna Neta tana ta cewa in goge hanci. Jim kaɗan ya koma duniyarsa, amma ya gane ni, Yaya, ya gane ni!

Frau Giesbrecht ta ce kowa ya kawo jimlarsa ta kansa. Na rubuta: *Der Vater gibt der Tochter das Brot.* Uban ya ba 'yar burodi. Ta ce babu kuskure, ta tambayi inda na samo ta.

Ki hau jirgi ki zo Kirsimeti. Zan gasa da yawa, amma kan burodi nawa ne.

Autarku,
Leentje