Jinina Ya Sauka, Amma Ba a Sallame Ni Ba

Laraba da dare, Roni

Yau na koma asibiti a Kazaure. Likita ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya duba, ya ce, "Baba, jininka ya sauka, daidai yake."

Na yi hamdala, na ce to shi ke nan, sai in ajiye ƙwayar.

Ya girgiza kai. "A'a, Baba. Maganin ne ya riƙe shi. Hanyoyin da ke kai wa zuciyarka jini sun tsuke. In ka daina sha, ciwon ƙirjin nan zai iya dawowa."

Na ce har yaushe? Ya ce kullum.

Ni dai a sanina, mutum yakan sha magani ya warke, ya bari. Wata huɗu ke nan ƙirjina bai matse ni ba. Ina cin tuwona, ina zuwa masallaci da ƙafata. Amma na nuna masa ƙafafuna da suka ɗan kumbura, ya ce aikin maganin ne, zai sa ido a kai. Wato abin da ke gyara ni shi ke kumbura ni?

Ga gyaɗa ta isa cira, ya ce kada in yi aikin ƙarfi.

Da na dawo, matata Hajara ta tare ni a tsakar gida. "Malam, 'yan'uwa suna ta tambaya. In ce ka warke, ko in ce kana jinya?"

Na daɗe ina kallonta. Na ce, "Ki ce musu ina shan magani."