Rasuwar Shugabar Ɗakin Tanderu

Cikin alhini da rashin sukunin da har yanzu bai bar ma'aikatanmu sun zauna wuri guda ba, Hukumar Gudanarwar Cibiyar Binciken Makamashi da Ma'adinai, a madadin Mai Girma Shugaban Majalisar Amintattu, da Babban Darakta, da Shehunan Malamai da ɗaukacin ma'aikata, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Babbar Jami'ar Bincike kuma Shugabar Ɗakin Tanderu, Hajiya Dakta, wadda kowa a wannan gida ya fi sani da Anti Sake, wadda Allah Ya yi wa rasuwa da hantsin ranar Talata a asibiti, bayan jinyar kwana huɗu, tana da shekara hamsin da tara.

Marigayiyar ta shigo wannan Cibiya shekara talatin da ɗaya da suka wuce a matsayin ƙaramar ma'aikaciya mai wanke kwanukan gwaji, ta yi ta karatu tana aiki har ta kammala digiri na uku tana da shekara arba'in da shida. Aikinta yana kan wata na'ura da ke samar da lantarki daga iskar gas ba tare da an ƙona ta ba, musamman ɓangarenta da ke shaƙar iska, wanda masana ke kira katod. Da wani irin ma'adini mai suna ferofskayit ake yin sa, ana niƙa shi, a gauraya da ɗan sinadarin sitirontiyom ko kobalt, a gasa. Damuwarta ita ce na'urar ba ta aiki sai da zafi mai tsanani da ke cinye ta kafin ta daɗe, don haka ta ɗauki shekara goma sha huɗu tana neman haɗin da zai yi aiki a zafi mai sauƙi bai gaji ba. Haɗi ɗari biyu da sha ɗaya ta gasa, akasarinsu suka tsage ko suka mutu cikin mako guda. Duk ɗalibin da ya kawo mata sakamako yana murna, amsarta ɗaya ce: "Ya yi kyau, je ka sake." Daga nan sunan ya bi ta, har Babban Darakta ma da shi yake kiran ta a taro. Ba a san ta da zama ba. Kujerar ofishinta ta daɗe da komawa wurin ajiye samfura, a tsaye take cin abinci, a tsaye take sa hannu a takarda.

Hukuma ba za ta ɓoye wa jama'a halin da wannan rashi ya bar ta a ciki ba. Haɗi na ɗari da tamanin da bakwai yana cikin tanderu na uku a halin yanzu, a gwajin awa dubu biyar da marigayiyar ta kunna da hannunta, ya wuce awa dubu huɗu da ɗari biyu ƙarfinsa bai ragu ba. Ta hana a buga ko layi ɗaya a kansa sai gwajin ya cika. Sai dai matakin ƙarshe na gasa shi ta sauya shi da kanta, ba ta kai ga rubuta shi a kundin ɗaki ba. Mataimakinta, Injiniya, ya shaida wa Hukuma cewa da ya je duba ta ranar Lahadi, tun kafin ya gama gaisuwa ta tambaye shi abin da mitar tanderun ta nuna, da ya roƙe ta ta faɗi matakin ya rubuta, sai ta yi dariya ta ce: "Kai da gaggawa. Bari in fito, da ido ake koyon sa." Tun ranar Talata ma'aikatan ɗakin suke zazzage durowa da aljihun rigunan aikinta, suna bin bayan tsoffin ambulan da ta saba yin lissafi a kai, har yanzu ba a dace ba. Saboda haka Hukuma tana roƙon tsoffin ɗalibanta, duk inda suke, wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita a gaban tanderu cikin shekara biyun nan, ya tuntuɓi Injiniya ba tare da ɓata lokaci ba.

Hukuma tana miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta, Alhaji Malam, tsohon Shugaban Makaranta, da 'ya'yanta huɗu, da jikokinta, da yayarta da ta raine ta, tana kuma neman afuwarsu kan ranakun hutu da lokutan iyali masu yawa da wannan aiki ya cinye musu. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙanta, Ya gafarta mata kura-kuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalinta da mu baki ɗaya haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

A ƙarshe, lokacin da tawagar Cibiya ta je gaisuwa, Alhaji Malam ya shaida wa Babban Darakta cewa shekara talatin yana sauke ta a bakin ƙofarmu bai taɓa shiga ya ga abin da take gasawa ba, don kullum cewa take yi ya bari sai abin ya nuna. Hukuma ta zauna a kan wannan magana, ta yanke cewa ba za a kashe tanderu na uku ba sai awa dubu biyar ta cika, nan da kwana talatin da uku in Allah Ya kai mu, kuma a ranar za a shigo da Alhaji Malam ɗakin, ya karanta mita, ya kashe da hannunsa.

Sa hannu:
Jami'in Hulɗa da Jama'a kuma Kakakin Cibiya,
a madadin Babban Darakta,
Cibiyar Binciken Makamashi da Ma'adinai.